Fatawa: Masu gidan da nake haya a Ingila sun gayyace ni cin abincin Kirsimeti, in je?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan Tudun Wada ne a Kaduna, yanzu ina karatun digiri na biyu a Manchesta. Ina hayar ɗaki a gidan wasu tsofaffin Turawa, miji da mata, Kiristoci masu zuwa coci. Sun riƙe ni da mutunci, har da na kwanta rashin lafiya matar ce ta kai ni asibiti. An yi hutu, abokan karatu sun watse, kuɗin jirgin dawowa gida ya fi ƙarfina. Sun ce ranar 25 ga Disamba in zauna in ci abinci tare da 'ya'yansu da jikokinsu. Wani abokina ya ce idan na je na yarda ke nan Allah yana da ɗa, sai na sake kalmar shahada. Mahaifina kuwa ya ce in je, kada in ba da kunya. Mene ne hukuncin zuwan, da gaisuwar da ake yi, da kyauta? Sannan ina aiki a wani rumbun ajiye kaya, ana ƙara kuɗi a kwanakin nan, ya halatta?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, zan fara da maganar abokinka, domin ita ce mai haɗari. Cin abinci a gidan Kirista ranar idinsa ba ridda ba ne, kuma babu wani malami abin dogaro da ya ce wanda ya yi haka ya fita daga Musulunci alhali zuciyarsa tana kan tauhidi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, to maganar za ta koma kan ɗayansu. Ka gaya masa ya ji tsoron Allah game da harshensa. Kishin addini yana da shi, Allah ya ba shi lada, amma fatawa da kishi kaɗai ba ta tsayuwa.

Abin da ke rikita mutane a wannan mas'ala shi ne haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya: ibadar da Kiristoci suke yi a ranar, da kuma zaman mutunci tsakaninka da mutanen da kake kwana ƙarƙashin rufinsu. Kowanne da hukuncinsa.

Ibadar babu sassauci a cikinta. Ba za ka bi su coci daren jajibere ba, ba za ka sa baki a waƙoƙin da ke kiran Annabi Isa, alaihis salam, Ubangiji ko ɗan Allah ba, ba kuma za ka ƙawata ɗakinka da bishiyar nan mai fitilu ba. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya iske mutanen Madina da ranaku biyu da suke wasanni a cikinsu, sai ya ce Allah ya musanya musu da mafi alheri, Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Wasu magabata kamar Mujahid da Ibnu Sirin sun fassara "zur" da ke aya ta 72 a Suratul Furƙan da bukukuwan idin waɗanda ba Musulmi ba. A nan muke tsayawa, kuma tsofaffin nan ba za su yi mamaki ba idan ka faɗa musu da ladabi.

Zaman mutunci kuwa Alƙur'ani ya yi magana a kansa a fili. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana tana cewa Allah ba ya hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, ba su kuma fitar da ku daga gidajenku ba, ku yi musu adalci. Waɗannan mutane ba su fitar da kai ba, shigar da kai suka yi. Annabi ya amsa gayyatar Bayahude ya ci gurasar sha'ir a wurinsa, ya je duba wani yaro Bayahude da ke masa hidima da ya yi ciwo, ya karɓi kyautar Muƙauƙis na Masar. Kuma Musulmin farko da suka zauna a ƙasar Kiristoci su ne masu hijirar Habasha, a shekara ta 5 da aiko Annabi. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa Najjashi Suratu Maryam, da aka matsa masa ya faɗi matsayin Annabi Isa bai ɓoye komai ba, ya ce bawan Allah ne kuma Manzonsa. Duk da haka ya ci gaba da zama lafiya a cikinsu sai shekara ta 7 bayan hijira ya komo.

Ko a nan Kaduna, mahaifinka ya san abin da kai ba ka riska ba. Kafin rikicin shekarar 2000 ya raba garin, har Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa, ma'aikatan masaƙu a Kakuri da na jirgin ƙasa da mazauna bariki gida ɗaya suke haya. Kwanon shinkafa yana shigowa ranar Kirsimeti, naman layya yana fita ranar Sallah, kuma da yawa daga cikin Kiristocin nan Musulmi suke kira ya yanka musu kaza ko akuya don kowa ya iya ci. Ku da kuka tashi bayan rabuwar ne kuke ganin tambayar sabuwa.

Yanzu ga teburin kansa, nan ne aikin yake.

Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi. Game da abin da suke bayarwa ranar idinsu, Ibnu Abi Shaiba ya ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha game da Majusawa masu aiko musu da kyauta ranar idinsu, sai ta ce kada su ci abin da aka yanka don wannan rana, amma su ci 'ya'yan itatuwansu. Majusawa ke nan, waɗanda yankansu bai halatta ba tun asali. Ibnu Taimiyya, wanda aka fi kafa hujja da shi wajen tsanantawa a wannan babi, shi da kansa ya kawo wannan ruwaya a Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim, ya kafa hujja da ita kan halaccin karɓar kyautarsu a ranar. A mazhabarmu, Imamu Malik ya karhanta abin da Kiristoci suka yanka don cocinsu da idinsu, bai haramta ba, haka kuma ya zo a Mukhtasar na Khalil.

Sai dai matsalarka a Ingila ta wuce wannan. Talo-talon da za a gasa ba tsohon nan ne ya yanka shi ba, daga babban kanti aka sayo, kuma da yawa daga cikin kaji da talo-talon can iskar gas ake shaƙa musu su mutu kafin wuƙa ta taɓa su. Abin da ya mutu kafin yanka mushe ne, ko a hannun wa ya mutu. Na san Alƙali Ibnul Arabi yana da magana mai sauƙi game da kazar da Kirista ya murɗe wa wuya, amma mafi yawan malamai ba su bi shi a kanta ba, ni ma ban bi ba. Bayan haka, abincin wannan rana a al'adarsu cike yake da alade: akwai tsiran alade da ake naɗewa da yankan naman alade, ana cusa niƙaƙƙen namansa a cikin talo-talon, wani lokaci a shimfiɗa shi a bayansa don kada ya bushe. Romon da ake zubawa a kai kan zo da giya, haka nan alkakin da ake ci a ƙarshe, wanda ake kwarara wa barasa a kunna masa wuta.

Maganin duk wannan magana ce tun da wuri. Turawa sun saba tambayar baƙo abin da ba ya ci, ba sa ɗaukarsa raini. Manchesta kuwa cike take da mahauta Musulmi, musamman a Rusholme da Cheetham Hill. Ka sayo kaza ko talo-talo na halal ka ba uwar gidan, a gasa a faranti dabam, ko ka dafa dafa-duka da hannunka ka kawo kowa ya ɗanɗana. In hakan bai yiwu ba, kifi da kayan lambu sun ishe ka, ka tambaya da wane mai aka gasa dankalin.

Giya ita ce sharaɗin da ba zan sassauta ba. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Yawancin gidajensu ana shan ta da wannan abinci. Ka faɗa musu gaskiya cewa addininka ya hana ka zama inda ake sha. Idan suka ce za su jinkirta ta har ka tashi, ka zauna ka ci. Idan ba za su iya ba, gidansu ne, ba ka da ikon tilasta su. Ka shigo ka gaisa da 'ya'yan da safe, ka dawo lokacin shayi. Wasu malaman zamani sun yi rangwame ga wanda ya shiga Musulunci kuma iyayensa masu sha ne, don kada zumunci ya yanke. Kai ba ka cikin wannan matsi. Idan kuma mai gidan ya yi addu'a da sunan Yesu kafin a fara ci, ka yi shiru, kada ka ce amin, ka yi bisimillarka.

Gaisuwa kuwa saɓani ne na gaske, kada wani ya ce maka babu. Ibnul Ƙayyim a Ahkamu Ahliz Zimma ya ce taya su murnar idinsu haramun ne da ittifaƙi, a kan haka Shaihu Ibnu Usaimin da kwamitin fatawa na Saudiyya suka tafi. Ka lura, ko Ibnul Ƙayyim cewa ya yi idan mai faɗar ya kuɓuta daga kafirci to ya aikata haram, bai yanke masa ridda kai tsaye ba. A ɗaya ɓangaren, Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, wadda aka kafa a 1997 ƙarƙashin Shaihu Yusuf Alƙardawi, ta halatta, haka Darul Ifta ta Masar, matuƙar kalmomin ba su ɗauke da yarda da aƙidarsu. Suna kafa hujja da ayar Mumtahana da aya ta 86 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce idan an gaishe ku ku mayar da mafi kyau ko irinta. Suna kuma cewa ranar ta zama hutun iyali ga mafi yawan Turawa, kuma ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka kira kansu Kiristoci a Ingila da Wales ba su kai rabi ba. Wannan hujja ta ƙarshe ba ta yi maka aiki sosai, tunda ka ce masu gidanka masu zuwa coci ne, ranar a wurinsu ibada ce. Abin da na zaɓa maka: kada ka furta lafazin idin, ka yi musu fatan hutu lafiya da jin daɗin ganin jikokinsu, idan sun gaishe ka ka gode da sakin fuska. Da wannan ka fita daga saɓanin, ba ka kuma ɓata wa kowa ba. Wanda ya bi ɗaya fatawar bisa amincewa da malamansa, ba ma kafirta shi, ba ma ƙaurace masa.

Kyautarsu ka karɓa in ba giya ba ce ko gicciye. Taka kyautar, malamanmu sun karhanta bayar da ita saboda idin, don haka ka yi niyyar sakayyar alherin da suka yi maka, kuma ba dole sai ranar ba. Dabino ko turare ko atamfa sun wadatar. Kilishi dai kada ka sa a aiko maka, dokarsu ta hana shigo da nama daga Najeriya.

Aikin rumbu halal ne, ƙarin kuɗin ma halal ne, ladan guminka ne. Bizar ɗalibi ta ba ka awa 20 a mako lokacin karatu, a hutun da jami'arka ta ayyana kuma kana iya yin cikakken aiki. Kada ka ƙetare wannan, alkawari ne ka ɗauka da ka shiga ƙasarsu. Abin da za ka nema a canja maka shi ne sashen ɗaukar katan ɗin giya, domin hadisin da ya la'anci mutum goma game da giya ya ambaci mai ɗaukarta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, shi ne ya fi damuna. Ɗaliban da ke rubuto mana ba teburin tsofaffi ne ke kayar da su ba, kaɗaici ne da sallah. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a garinku sai bayan ƙarfe 8, ta faɗi kafin ƙarfe 4. Azahar da La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin awa huɗu, ba kamar nan da muke yin Magariba bayan 6 ba. Wanda ya kwana yana kallon waya ya tashi da rana tsaka, sai ya tarar salloli sun taru masa. Kai mazauni ne, ba ka da ƙasaru, kuma biki ba uzurin haɗa salla ba ne. Ko a ranar gayyatar, ka yi La'asar kafin a kunna jawabin Sarkinsu na ƙarfe 3, ka tashi don Magariba. Gajartar yinin kuma dama ce ta rama azumin da ake bin ka. An ruwaito cewa azumin hunturu ganima ce mai sanyi, ko da yake Tirmizi ya ce hadisin mursali ne, wato wanda ya ruwaito shi bai riski Annabi ba.

Ranar 25 jiragen ƙasa ba sa tafiya, manyan kantuna a rufe suke, don haka ka yi cefane tun kafin jajibere. Sauran kwanakin ka nemi masallaci da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, za ka sami 'yan Najeriya da kuɗin jirgi ya tsare kamarka. Shagalin dare da ɗalibai ke shiryawa a gidajen rawa har zuwa sabuwar shekara kada ka kusance shi, ko wa ya ja ka. Ka kira mahaifinka ka gaya masa za ka je bisa sharuɗan nan, ka kuma tura wa abokinka wannan amsa.

Wallahu a'alam.