Wai har yanzu jirage na lodin katako a Sapele?

Tambaya: Malam, katako nake sayarwa a Kasuwar Katako nan Jos. Wani dillali ya hure wa ƙanena kunne wai ya kawo jari su sayi gungume a Sapele, wai katako ne ya kafa garin kuma jirage na nan suna jiran kaya. Yaron har ya sa filinsa a kasuwa, wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Alhaji, ka riƙe takardar filin nan tukuna. Rabin maganar gaskiya ce, da ita kuwa ake damfarar mutane.

Sapele tana jihar Delta, bakin kogin Benin, ƙasa kaɗan da inda kogunan Ethiope da Jamieson suka haɗu, ƙasar mutanen Okpe ce tun kafin zuwan Bature. Abin da ya tara mata jama'a, jirgin teku na iya shigowa har bakin gari, ga kurmi a bayanta. A kayar da itatuwan obeche ko abura, a ja su zuwa rafi, a ɗaure su jere da igiya, mutane su hau kai suna turawa da gora har su iso, ba ruwansu da titi. Wajen 1925 aka fara yanka da inji, daga baya kamfanin AT&P na UAC, babban kamfanin kasuwancin Turawa, ya kafa masana'antar filawud, sai lebura da 'yan lodi da masu tuwo-tuwo suka yi ta kwararowa, unguwanni suka tashi kewaye da bakin ruwa.

Amma zancen "jirage na jira" ɗin nan shi ke ba ni haushi, kullum sai wani ya kawo min shi. Wane jirgi? Tun 1976 gwamnati ta hana fitar da gungume waje. Masana'antar ta daɗe da durƙushewa, manyan itatuwan kuma an cinye su, itacen da ke shekaru aru-aru kafin ya ƙosa ai ba masara ba ce da za ta fito baɗi. Amma dillali ya turo hoton gungume a ruwa ta WhatsApp, da wata takarda mai hatimi da ba wanda ya san ofishin da ya buga ta, shi ke nan mutum ya fara lissafin dala! Haka aka yi ta rububin madobiya a Taraba ana kai wa Chana, har CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018, masu kaya a ƙasa suka rasa na yi.

Ka kira dillalin gabanka, ya faɗi sunan jirgin, ya nuna lasisin sara daga ma'aikatar gandun dajin jihar. In ya fara "ai akwai hanya", ka sallame shi.