Amsa kan hoton injin nan da ya ƙi hawa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce kwana biyu kana fama ka ɗora hoton injin jirgin ruwanka don masu gyara su ga inda mai yake yoyo, abin ya yi ta juyawa, can ya ce maka ya gaza, kai kuma ka tattara laifin ka ɗora wa netwok. Ni dai ban yarda ba. Ba iPhone gare ka ba? Ai na gan ta a hannunka.

To saurara. Tun 2017 da Apple suka kawo iOS 11, wato manhajar da ke tafiyar da wayar, iPhone 7 da na bayanta suka daina ajiye hoto a JPEG, irin da aka saba da shi, sai wani iri da ake ce wa HEIC, in dai ba ka canza saitin ba. Ba ya cin wuri, kuma fes yake fitowa, amma wuraren ɗora hoto da yawa, balle tsofaffin nan, ko kallonsa ba sa yi. Shiga Settings, ka nemi Camera, sai Formats, ka danna Most Compatible. Amma fa sabbin hotuna kaɗai wannan zai shafa, waɗanda ka riga ka ɗauka suna nan yadda suke. Kuma don Allah kar ka je ka goge wutsiyar sunan hoton, wato heic, ka rubuta jpg, kana ganin ka yi wayo. Ka shafa wa kwale-kwale fenti, ai bai zama mai inji ba.

A'a, tsaya, na tsallake wani abu. Ko ka mayar da shi JPEG yana iya ƙi, don JPEG ɗin ma ya fi HEIC nauyi. Hoton megafiksel 12 faɗinsa ɗigo 4032 ne, tsawo 3024, wurin ɗorawa kuma in ya ƙayyade nauyin da zai karɓa, ko ka kwana kana dannawa ba zai shiga ba. Rage faɗin zuwa kamar 1600, ya isa a ga kowane noti. In ba ka iya ba, tura wa kanka hoton ta WhatsApp, ka sauke shi. Da kansa zai matse shi ya mai da shi JPEG. Amma a matsayin hoto fa, kar ka tura shi a document, don nan yadda ya shiga haka zai fito.

Wannan dabarar ma tana da wani amfani, kuma nan ne abin ya taɓa ci min rai. Hoto yana ɗauke da bayani a ɓoye, EXIF ake ce masa: irin waya, rana, lokaci, har daidai wurin da ka tsaya in GPS a kunne yake, WhatsApp kuwa yana goge wannan bayanin in ka tura a matsayin hoto. Ni shekarun baya na ɗora hoton kifin da na kamo, asalin hoton, ban taɓa shi ba. Wata kwana ce da na daɗe ina zuwa ni kaɗai, ƙarƙashin wata bishiya da ta karye ta kwanta cikin ruwa, ko anga ba na jefawa, igiya kawai nake ɗaurawa a reshenta. Ba a yi sati ba na iso da asuba, sai ga jirage biyu a wurin, ɗaya har ya ɗaure a reshen nawa. Da na tambaya, mutumin ya yi dariya, wai ni da kaina na ba shi adireshi. Yana cikin gidan nan, yana ji na, ba zan kama suna ba. Ko sannu bai ce min ba har yau. Reshen ma daga baya suka karya shi.

Ina ma nake? Yawwa.

Netwok kuwa, to, na yarda da kai kaɗan: a tsakiyar ruwa sauke abu ya fi turawa sauƙi, ka bari sai ka dawo gaɓa. Sannan ka goge idon kyamarar, wancan da ka turo mana duk hazo ne, na kasa gane mai ne ko ruwa. Ka haɗa da hoton farantin lambar da ke jikin injin, don tambayar farko da za su yi maka ke nan.