Ƙarambau ya shigo gida ga tsohon ciki: me za a saya, me za a bari?

Da zarar zafi ya kankama, ƙarambau kan fara zagaya makarantun boko da na Islamiyya. Yawancin saƙonnin da suka shigo mini a wannan makon a kansa suke, ga uku daga ciki.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Cikina wata takwas, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Shekaranjiya ɗana mai shekara 5 ya dawo daga Islamiyya da zazzaɓi, jiya sai ga ƙuraje masu ruwa a bayansa da ƙirjinsa. Uwar mijina ta ce in tattara in tafi gidanmu Daura har ya warke. Maigidan kuma ya ce wani mai kemis ya gaya masa akwai ƙwayar da zan sha ta kare ni, zai sayo. Wanne zan bi?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba yaro lafiya, ya sauke ki lafiya. Kafin a kashe kuɗin mota ko na kemis, sa katin waya ki kira mahaifiyarki ki tambaye ta ko kin taɓa yin ƙarambau kina ƙarama. Kada ki tsaya a sunan kawai, domin manya kan haɗa shi da ƙyanda. Ki tambaye ta: ƙurajen masu ruwa ne, masu ƙaiƙayi, da suka bushe suka yi ɓawo? Idan ta tabbatar miki, hankalinki ya kwanta. Wanda ya taɓa yin ƙarambau da wuya ya sake, kuma garkuwar da jikinki ya samu tana ratsa mabiyiya ta kai ga abin da ke cikinki. Duk da haka ki sanar da malaman awo.

Idan ta ce ba ta tuna ba, ko ba ki taɓa yi ba, to a nan ne kuɗi zai yi amfani. A ƙasashe masu zafi irin tamu mutane da dama kan girma ba su taɓa kamuwa ba, saɓanin Turai inda a da kusan kowa ke yin sa tun yana yaro. Akwai gwajin jini da ake rubutawa Varicella IgG, shi ke nuna ko kina da garkuwa. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, don haka ki tambayi likita a inda kike awo, ko Asibitin Turai Yar'adua ne ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ya gaya miki inda za a yi. Kafin ki biya, ki ji ranar da sakamako zai fito. Sakamakon da zai zo bayan mako biyu asarar kuɗi ne, lokacin da ake bukatarsa ya wuce.

Maganar tafiya Daura kuwa, niyyar surukarki mai kyau ce, amma ihu ne bayan hari. Yaro yana fara yaɗa cutar kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje su fito, ta numfashi da tari. Kin kwana ɗaki ɗaya da shi, kin yi masa wanka, kin ba shi abinci. Cikin mutum 10 marasa garkuwa da ke gida ɗaya da mai ƙarambau, kusan 9 kan kamu. Cutar kuma takan ɓuya a jiki kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana. Kina iya isa Daura garau, sai bayan mako biyu ta fito miki a can, nesa da likitan da ya san cikinki, ki kuma kai wa wata mai ciki ko jaririn gidanku. Ni dai na fi son ki zauna kusa da asibitinki, a samu wadda ta taɓa yin ƙarambau ta karɓi jinyar yaron, ku raba ɗakin kwana.

Abin da mata suka fi tsoro, wato a haifi jariri da naƙasa, na farkon ciki ne, galibi kafin mako 20, kuma ko a lokacin ba ya yawan faruwa. A wata takwas damuwar likitoci biyu ce. Ta farko ke kanki: ƙarambau ya fi tsanani ga babba, kuma ga mai tsohon ciki yana iya sauka a huhu ya zama nimoniya. Ta biyu ranar haihuwa. Jikin uwa yana bukatar kamar kwana 7 bayan fitowar ƙuraje kafin ya haɗa garkuwa ya miƙa wa jariri. Idan ƙurajen suka fito mata tsakanin kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta, jaririn ya karɓi cutar ba tare da kariyar ba, kuma tana iya yi masa mugun kamu. Shi ya sa lissafin kwanaki ya fi komai a nan. Ki rubuta ranar da ƙurajen ɗanki suka fito a bayan katin awo.

Mai kemis bai yi ƙarya ba, maganin yana nan, sunansa Aciclovir, kuma ana ba masu tsohon ciki. Sai dai aikinsa na lokaci ne. A Ingila, mai cikin da gwaji ya nuna ba ta da garkuwa ana fara ba ta shi a kwana na 7 bayan haɗuwa da cutar, ta sha zuwa na 14, ba ranar farko ba. Idan kuma ƙuraje sun riga sun fito, an fi son a fara cikin awa 24, adadin da za a sha ma daban ne. Mai kemis ba zai yi miki wannan lissafin ba, balle yaron shago. Maigida ya riƙe kuɗinsa har likita ya rubuta, sannan ya sayo, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai kuma wata allurar garkuwa da ake yi cikin kwana 10 da haɗuwa da cutar, amma tana da tsada kuma ba ta cika samuwa ba.

In kin ga ƙuraje a jikinki, ki nemi likita a ranar, amma kada ki je ki zauna a bencin awo cikin sauran masu ciki. Maigida ya fara shiga ya yi wa nas bayani. Tari, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, zubar jini ko raguwar motsin ciki kuwa ba sa jiran wayewar gari.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne a Daura. Iyalina ta shiga watan haihuwa, ba ta taɓa yin ƙarambau ba, ga shi ya cika unguwarmu. An ce mini wasu asibitocin kuɗi suna da allurar rigakafinsa. In biya a yi mata?

Amsa: A'a, Malam, ba yanzu ba. Rigakafin ƙarambau ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai ciki. Bayan ta sauka lafiya za ta iya yi ko tana shayarwa, allura biyu ne da tazarar mako 4 zuwa 8, kuma ana son a kauce wa ɗaukar ciki har wata guda bayan allurar. Ba ya cikin rigakafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta, da kuɗinka za ka saya. Wanda zai iya yin sa yau kai ne, in har kai ma ba ka taɓa kamuwa ba, don kada ka kwaso mata daga majalisa. Sauran kuɗin ka tanade su ta haihu a asibiti, ka kuma taƙaita shigowar yaran maƙwabta ɗakinta.

Tambaya: 'Yata, ni tsohuwa ce a Sabuwar Unguwa. Jikana ya yi ƙarambau, matar ɗana kuma haihuwa yau ko gobe, ita ta taɓa yi. An ce in sayo antibayotik na ruwa da maganin zazzaɓi, ni kuma ganyen bedi nake dafa masa. Me zan saya?

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya. Sayayyarki ba ta da yawa: farasitamol na yara, kalamin na shafawa don ƙaiƙayi, da abin yankan farce, saboda susa ce ke mai da ƙurji gyambo ta bar tabo. Kada a ba shi asfirin, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaro mai ƙarambau. Ibuprofen ma a bar shi, yana ƙara haɗarin ƙurajen su ruɓe, ita ma mai cikin bai dace da ita ba a wannan wata. Ki riƙa karanta jikin kwalba, ko ki sa a karanta miki, don wasu magungunan zazzaɓin yara da shi aka haɗa su. Antibayotik ba ya kashe bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo ƙarambau. Sai in wani ƙurji ya kumbura ya yi ja yana fitar da mugunya, nan ma likita ne zai zaɓa.

Bedi kuma, in wanka ne da ruwansa mai ɗumi-ɗumi ba zan yi faɗa da ke ba, muddin ba a dirza fata. Amma kada a ɗura wa yaron, kada mai cikin ta sha.

Ina so a tabbatar ƙarambau ɗin ne. Ƙyanda tana zuwa da mura da tari da jan ido, ƙurajenta ba su da ruwa, daga fuska da bayan kunne suke gangarowa, kuma tana iya jawo naƙuda kafin lokaci. Ƙyandar biri ma, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, tana kama da ƙarambau, sai dai takan zo da kaluluwa. Ma'aikacin lafiya ya ga yaron da idonsa.

Tunda uwar ta taɓa yi, jaririn zai zo da 'yar kariyarsa, nono kuma a ba shi kamar kullum. Amma ke ce mai tsaron ƙofa ranar barka da ranar suna. Jikan naki ba zai ɗauki ƙaninsa ba sai duk ƙurajensa sun bushe sun yi ɓawo, abin da kan ɗauki kamar kwana 5 zuwa mako guda daga fitowarsu. Duk 'yar barkar da ta goyo yaro mai ɗanyen ƙuraje, ki tare ta a tsakar gida ku gaisa a nan.