Filin Bakanike: ruwa na ɓacewa a lagireto, allurar zafi na hawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata ta haura shekara 20. Duk bayan kwana uku sai na ƙara wa lagireto kusan lita ɗaya, amma ko ɗigo ba na gani a inda take kwana. An ce min gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, in kawo a kwance kan inji. Ina ruwan yake tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka bari a taɓa kan injin tukuna. Rashin ganin ɗigo a ƙasa ba ya nuna babu yoyo a waje, domin ƙaramin tsagi ba ya buɗewa sai inji ya yi zafi ruwa ya matsu, kuma abin da ya fito a kan ƙarfe mai zafi yake sauka ya ƙafe nan take.

Fara da murfin lagireto. A jikinsa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsin da zai riƙe a ma'aunin bar. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma ƙarƙashin matsin bar ɗaya sai ya kai wajen 120. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya fice ta ƙaramin tiyon da ke wuyan lagireto kana cikin tafiya, ba ka sani ba. Sayi sabo mai lamba ɗaya da ta tsohon.

Daga nan, da safe inji na sanyi, ɗauki tocila ka bi sawu. Kulant, wato ruwan sanyaya inji mai kala, idan ya bushe yana barin farin gari ko tabo kore ko ja. Duba bakin kowane tiyo wurin kilif, da layin da robar saman lagireto ta haɗu da alminiyon, nan ne tsofaffi suka fi tsagewa. Leƙa ƙarƙashin watafamfo: akwai ɗan rami da aka yi masa da gangan, in sil ɗin ciki ya mutu ta nan yake tsiyaya. Akwai kuma wasu marufan ƙarfe zagayayyu a jikin bulok da tsatsa kan huda. Taɓa kafet na gefen fasinja a gaba. In da laima da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod ne.

In ido bai gano ba, a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a hura shi zuwa lambar murfin, a bar shi minti 15. Allurar famfon ta sauka kuma ruwa ya ɓullo wani wuri, ka kama ɓarawonka. Ta sauka amma waje a bushe, to lokacin ne za a fara zargin gasket.

Shi ma yana da shaidu. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama. Kumfa na tasowa a wuyan lagireto ba tsayawa tun inji bai yi zafi ba. Tiyon sama ya yi tauri kamar taya minti ɗaya ko biyu da tayar da mota. Baƙin mai ya koma kalar madara. Filogi ɗaya ya fito tas ya bambanta da 'yan uwansa, saboda tururi ya wanke shi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa ruwan ɗorawa idan hayaƙin inji na shiga cikin ruwa. Ko an tabbatar, a auna fuskar kan injin kafin a sa sabon gasket, don a yawancin injina lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 sai an goge ta. A kuma nemo abin da ya fara sa motar zafi, galibi shi ya ƙona gasket ɗin, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Tambaya: A buɗaɗɗen titi allurar zafi tana tsakiya, amma da na shiga cunkoso sai ta haura. Ni mace ce da ba ta san kan inji ba, kar a cuce ni.

Amsa: Hajiya, bayaninki ya riga ya nuna wurin. A guje iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai ke aikin. Ki bar motar tana aiki a tsaye ki kunna esi. A yawancin motoci fanka za ta tashi nan take. In ba ta motsa ba, a duba fis, sai rile, sai na'urar da ke jin zafin ruwa ta ba fanka umarni, sannan a ba motar fankar wuta kai tsaye daga batir. Da wannan jerin za a bi, daga mai araha zuwa mai tsada. In an taɓa gyaran wayoyinta, a tabbatar tana jawo iska zuwa wajen inji ne, don wayoyin da aka juya kan sa ta hura baya.

Da akasin haka ne, wato lafiya a gari amma zafi a doguwar tafiya ko hawan tudu, da lagireto mai toshewa za mu zarga, ko tiyon ƙasa da ya yi laushi yana shaƙewa, ko fukafukan watafamfo da tsatsa ta cinye.

Duk ranar da allura ta kai ja, ki kashe esi, ki kunna hita har ƙarshe, ki sauka gefe ki kashe inji. Kar ki buɗe murfi sai bayan aƙalla rabin awa, da tsumma a hannu, a hankali. Kar kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, yana iya tsaga shi.

Tambaya: Bakanikena ya ce a cire tamostat a yar, a kuma riƙa zuba ruwan famfo. Haka ne?

Amsa: Ba mu goyon baya. Tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare hanyar ruwa zuwa lagireto, yana buɗewa ne tsakanin digiri 82 zuwa 90, gwargwadon mota, don inji ya zauna a zafin da aka ƙera shi a kai. Babu shi, inji zai daɗe da sanyi, ya ƙara shan mai, ya ci jikinsa. In ana zarginsa, a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta: ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarsa lau, bai buɗe ba, a sa sabo.

Ruwan famfo na gaggawa ne kawai. Yana barin ƙanzo a hanyoyin lagireto, yana kuma kawo tsatsa. Haɗa kulant da tataccen ruwa irin na batir rabi da rabi, sai dai in an rubuta a galan cewa an riga an haɗa. Ƙaramar mota kan ci lita 5 zuwa 7, kuma koren kulant irin na da ana sauya shi duk shekara biyu. Bayan cikawa, bar inji ya yi aiki murfi a buɗe hita a kunne har kumfa ta daina, domin iskar da ta maƙale ita kaɗai tana iya sa zafi. Tsohon kulant ɗin da aka juye a rufe shi a galan, guba ne mai zaƙi da yara da dabbobi kan sha.