Hukuncin Zuwa Mada'in Salihu da Sauran Kangayen Mutanen Da

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Za mu je Umara ni da iyalina da sanyin nan, kamfanin da ya shirya mana tafiyar ya ce akwai fita ta kwana biyu daga Madina zuwa Al'ula don ganin Mada'in Salihu. Wani abokina ya ce haramun ne, garin Samudawa ne da aka halaka. Wani kuma ya ce ai Alƙur'ani ma cewa ya yi a yi tafiya a bayan ƙasa. Wanne ne daidai? In mun je, yaya za mu yi da salla?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kowane daga cikin abokan naka ya riƙo gefe ɗaya na maganar ne.

Asalin zuwa ganin tsofaffin birane halal ne. Allah ya ce a Suratu Ali Imrana, aya ta 137, a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance, kuma irin wannan umarnin ya maimaitu a An'am da Rum da wasu surorin. Sahabbai sun ci Masar da yaƙi ƙarƙashin Amru ɗan Asi, suka zauna a Fusɗaɗ kusa da dalar Fir'aunoni, ba a samu sun hana kallonta ba. Malaman tarihi sun kawo cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya shiga fadar Kisra a Iraƙi yana karanta ayar Suratud Dukhan mai maganar gonaki da maremarin da mutanen Fir'auna suka bari. Hadisin da ya hana ɗaure sirdi sai zuwa masallatai uku yana magana ne a kan tafiyar ibada don neman falalar wuri, bai shafi tafiyar fatauci ko ilimi ko ɗaukar izina ba.

Sai dai Hijir, wato Mada'in Salihu, nassi ya zo a kansa da sunansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da ya bi ta wurin a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, ya ce kada a shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai ana kuka, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Sannan ya lulluɓe kansa, ya ƙara sauri har ya ƙetare kwarin. Wasu sahabbai sun riga sun ɗebi ruwan rijiyoyin wurin sun kwaɓa gari da shi, ya sa aka zubar da ruwan, aka ba raƙuma kwaɓin, ya ce a ɗeba daga rijiyar da taguwar Annabi Salihu take sha.

Ka duba lafazin da kyau. Bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba, sharaɗi ya sa. Saboda haka wanda zai shiga da tsoron Allah, yana tuna tsawar da ta kama mutanen da asuba kamar yadda Suratul Hijri ta faɗa, ya ga abin da zai gani ya fita, shigarsa ta halatta. In hawaye bai zo ba, to zuciya ta kasance a karye, baki ya kame daga wasa. Wanda kuma zai je shan iska, da raha, da yaba gwanintar masu sassaƙa kawai, ya faɗa cikin abin da aka hana, kuma wannan shi ne abin da na fi ji wa masu zuwa tsoro. A can akwai Ƙasarul Farid, dutse guda tilo a tsakiyar rairayi da aka sassaƙe fuskarsa daga sama zuwa ƙasa, gindinsa ba a ƙarasa ba, har yau ana ganin sawun kurfi a jikinsa. Mai aikin ya tafi bai gama ba. Sai ka tarar mutum ya juya wa wannan baya yana washe baki a gaban waya.

Za ka ji ana cewa kaburburan da ake gani ba na Samudawa ba ne. Gaskiya ne masu binciken kayan tarihi sun tabbatar cewa manyan kaburburan, fiye da 100, aikin Nabaɗawa ne, masu birnin Petra na ƙasar Jodan, daga ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ƙarni na 1 bayanta, kuma rubutunsu na jikin duwatsun. Wannan bai ɗauke hukuncin ba a fahimtata, domin waɗannan kaburbura suna nan tsaye lokacin da Annabi ya wuce, kuma ya hukunta wurin. Wata al'umma ta zauna a kufan wata ba baƙon abu ba ne, aya ta 45 a Suratu Ibrahim ta ambaci irinsa.

Al'ula kuwa yanki ne mai faɗi, kada a yi masa kuɗin goro. Yana arewa da Madina da fiye da kilomita 300, Hijir kuma yana gaba da garin da kamar kilomita 20. Tsohon garin Al'ula na ginin ƙasa garin Musulmi ne, zangon alhazan Sham, da masallatansa da gonakin dabino. Zama a nan da ci da sha babu komai. To masaukinku ya zama a gari. Kada ku kwana a cikin Hijir ko ku baje ledar cin abinci a can, ko da an tanadi wurin yin haka, kuma ku nisanci shagulgulan kaɗe-kaɗe da ake haɗawa da irin wannan fita. Shiga da tikiti ne da ake yanka tun kafin ranar, ana zagayawa da mutane a mota tare da ɗan jagora. Ku riƙe ruwan gora daga gari, kada ku sha ko ku yi alwala da ruwan wata rijiya a ciki. Kada a ɗauko dutse ko ƙasa, don tabarruki ne ko don tsaraba: na farko ɓata ne, na biyu kuma dokar ƙasar ta hana. Yara a ba su ƙissar Annabi Salihu tun a masauki. Yaron da bai kai ya gane ba, barinsa a gari tare da babba ya fi.

Batun salla, Alƙali Ibnul Arabi, cikin manyan Malikawa, yana ganin ba a salla a Hijir, ba a alwala da ruwansa, ba a taimama da ƙasarsa, Ƙurɗubi ya kawo hakan a tafsirinsa. Mafi yawan malamai suna ganin karhanci ne, salla ta yi. Mafita mai sauƙi ita ce ku zaɓi zagayen safe, ku shiga bayan asuba ku fito kafin azahar. In wani uzuri ya tsare ku har lokaci zai fita, ku yi sallarku, amma ba a fuskantar kabari. Nisan ya wuce mil 48, zaman bai kai kwana huɗu ba, don haka ƙasaru za ku yi. Ka lura dai, a mazhabar Malik ƙasaru sunna ce ga wanda tafiyarsa ba ta saɓo ko ta wargi ba, ashe niyyar nan har raka'o'inka ta shafa.

Ibnu Hajar ya ce hukuncin ya haɗa da gidajen duk wata al'umma mai irin halin Samudawa. Saboda haka yankin Mataccen Teku, inda malaman tafsiri da yawa suka ce nan garuruwan mutanen Annabi Luɗu suke, a bi shi da wannan ladabin. Petra da dalar Masar da kangayen Rumawa na Jarash babu nassin saukar azaba a kansu, suna kan halaccin asali, matuƙar ba a girmama gunki ba, ba a tozarta salla ba, kuma kuɗin tafiyar bai ci haƙƙin iyali ko mai bin bashi ba.

Wallahu a'alam.