Amsa ga mai tambaya kan allon Sienna da ke ƙin aiki idan mota na tafiya

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri a sabuwar mota. Ka ce Siennar da ka sayo kake lodi da ita tsakanin Ringim da Kano, duk ka tayar sai wani rubutun Turanci ya rufe allon har sai ka danna, kuma da ta fara tafiya hoton bidiyo ya ɗauke, madannan rubuta sunan gari su dushe. Kana neman wanda zai cire maka duka. Sana'ata wayarin ɗin mota ce, a Ƙofar Ruwa na koya kafin na dawo gida, kuma irin wannan ƙorafin yana yawan zuwa min.

Da farko dai allonka lafiyarsa ƙalau, haka kamfani ya ƙera shi.

Rubutun farko gargaɗi ne kawai, cewa ka bi dokar hanya kada ka kafa wa allo ido. Yana cikin manhajar na'urar, babu wata waya da za a yanke ya tafi. Masu cewa za su yi maka filashin, wato su sake loda wa na'urar manhaja, su goge shi, ka yi hattara da su. An sha kawo min na'urar da aka loda wa manhajar da ba tata ba, ta maƙale a kan tambarin Toyota, ba gaba ba baya, kuma kyamarar ribas ta tafi tare da ita. A wasu motocin kamar Lexus RX har iskar AC ta allon ake sarrafa ta. Danna shi sau ɗaya lokacin da injin ke ɗumi bai kai wannan asarar ba.

Batun rubuta sunan gari kuwa, ko an buɗe maka babu abin da zai tsinana. Siennonin da ke shigo mana galibi 'yan Amurka ne, taswirar da ke cikinsu ta Amurka da Kanada ce. Babu Ringim, babu Taura, babu Gujungu. Shi ya sa za ka ga kibiyar tana yawo a fili fetal babu titi ko ɗaya. Na'urar tana gane mota na tafiya ne ta siginar gudu da motar ke aiko mata, masu buɗewa kuma wannan siginar suke katsewa, alhali da ita taswirar ke lissafin inda kake. A sababbin motoci ma saƙon yana bi ta wayoyin da kwamfutocin motar ke magana da juna, yaro ya yanki wadda ba ita ba, fitilu su cika maka dashbod. Wayarka ta hannu ta fi maka wannan allon nesa ba kusa ba. Ka sauke taswirar Kano da Jigawa a Google Maps lokacin da kake da sabis mai kyau, za ta yi aiki ko babu data. Ka sa inda za ka kafin ka ja mota, ka kunna murya, ka maƙala wayar a mariƙinta. Hanyoyin burji na cikin ƙauyuka dai har yanzu tambayar mai shayi a bakin tasha ta fi kowace taswira.

Saura bidiyo, wanda na san shi ne ainihin abin da kake so, domin fasinja su riƙa kallon fim. Wannan ni ba na buɗe wa kowa shi a allon gaba, ko nawa za a ba ni, kuma ina roƙonka kada ka kai wa wani. Kowane direba cewa yake ai ni ba zan kalla ba, na fasinja ne. Ido ba ya shawara da mai shi. Hoto na motsi a gefen sitiyari, aka kwashe da dariya a baya, wallahi sai ka waiga. Mota a kan gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a duk daƙiƙa ɗaya. Waigen daƙiƙa 3 ya kai ka mita 66 ba ka ga kwalta ba, da rayuka bakwai ko takwas a bayanka.

Ka tuna irin hanyar da kake bi. Ranar Alhamis da almuru, an taso daga kasuwar Maigatari, manyan motocin shanu sun jero, ga amalanke ta ɗauko karan gero ba ta da fitila ko ɗaya, karan ya fito har rabin titi. Ga ɗan acaɓa da goyon mutum biyu da buhu, ga yaro ya koro tumaki zai tsallaka. Lokacin hunturu kuma hazo ya ƙaru a kai. A irin wannan duhun, hasken allo kaɗai yana kashe ido, idan ka ɗago sai ka ɗan jima kafin ka rarrabe abin da ke gabanka. Ni da daddare har hasken nasa nake ce wa direbobi su rage. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna kama mai amsa waya yana tuƙi, to ina ga mai fim a gaban hancinsa?

Fasinjanka kuma ba sai sun rasa kallo ba. Ka ɗaga kai ka duba rufin motar ta ciki, Sienna da yawa suna zuwa da allo na baya mai saukowa, kuma shi yana aiki ana tafiya domin direba ba ya ganinsa. Sau tari rimot ne kawai ya ɓace ko fis ya ƙone. Idan taka ba ta da shi, ana sayar da na rufi da na bayan kujera, aikin yini ɗaya ne. Ka tabbata an jawo wutarsa ta bayan makulli, yadda za ta ɗauke idan ka kashe mota, da fis nasa, don kada ya shanye maka batir cikin dare.

Ga sauran 'yan'uwa da suka sa allon Android na kasuwa, ku binciki naku. Irin waɗannan da burkin hannu suke gane mota ta tsaya, kuma masu sakawa da yawa sukan kashe wannan tsaron ba tare da sun tambayi mai mota ba. Idan na zaro su nakan tarar da wayar da ya kamata ta je burkin hannu an murɗe ta a jikin wani kusa, an naɗe da baƙin salatif. Gwajin mai sauƙi ne. Mota na tsaye, ƙafarka a kan burki, ka kunna bidiyo ka saki burkin hannu. Idan hoto bai ɗauke ba, a koma wa mai wayarin ya mayar da wayar mazauninta, ya kuma duba saitin cikin na'urar, domin wasu ta can ake kashewa. Kai Malam, naka burkin ajiyar na ƙafa ne, yana can hagu kusa da ƙofa, kada ka tsaya neman sa a tsakanin kujeru.