Filin Tambaya da Amsa: Asalin Yahudawa, Sahayoniyanci da Rikicin Falasɗinu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Katsina. Ana ta yawo da wani saƙo a WhatsApp cewa Yahudawan yanzu ba jikokin Annabi Yaƙubu ba ne, wai wasu mutane ne da ake kira Khazar waɗanda suka shiga addinin daga baya. Shin gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar Khazar tana da tushe, sai dai an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Khazar daula ce ta wasu ƙabilun Turkawa da ta yi mulki a arewacin duwatsun Kaukasus daga wajen ƙarni na 7 zuwa na 10, kuma tsoffin marubutan Larabci da na Ibrananci sun ruwaito cewa sarakunanta sun karɓi addinin Yahudu. Wanda ya fi baza ra'ayin cewa Yahudawan Gabashin Turai jikokinsu ne shi ne Arthur Koestler, shi kansa Bayahude, a wani littafi da ya fitar a 1976. Amma hujjoji ba su goyi bayansa ba. Yiddish, harshen da waɗannan Yahudawa suke yi a gida, tushensa Jamusanci ne da ya cuɗanya da Ibrananci da harsunan Slav, sannan binciken ƙwayoyin gado da aka yi ta wallafawa tun daga 2010 ya nuna cewa jininsu gauraye ne na Gabas ta Tsakiya da na Kudancin Turai, musamman Italiya, inda alamu suka nuna cewa mazan da suka yi ƙaura can sun auri matan ƙasar.

Ka kuma lura cewa Yahudawa ba iri ɗaya ba ne. Ban da na Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi, akwai Sefardi da aka kora daga Sifen a 1492, da yawansu Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ya ba su masauki a Daular Usmaniyya. Akwai na Iraƙi da Yaman da Iran da Maroko, waɗanda suka shafe ƙarnuka cikin ƙasashen Musulmi, akwai kuma na Habasha da aka kwasa zuwa Isra'ila da jiragen sama a 1984 da 1991. Kusan rabin Yahudawan Isra'ila na yau asalinsu daga ƙasashen Musulmi ne, don haka ko da labarin Khazar ya tabbata, su bai shafe su ba.

Abin da saƙon bai gaya maka ba, kuma shi ne ya fi muhimmanci a ganina, shi ne cewa irin wannan bincike ya tabbatar wa Falasɗinawa nasu asalin. Wani nazari da aka wallafa a 2020 a kan ƙasusuwan Kan'aniyawa da aka tono a wurare irin su Magiddo ya gano cewa Yahudawa da Larabawan yankin Sham duk sun gaji kaso mai yawa daga mutanen da suka zauna a ƙasar shekaru fiye da dubu uku da suka wuce. Hasali ma David Ben-Gurion da Yitzhak Ben-Zvi, waɗanda daga baya ɗaya ya zama firayim minista ɗaya shugaban ƙasa a Isra'ila, sun rubuta a 1918 cewa manoman Falasɗinu jikokin tsoffin mazauna ƙasar ne da suka sauya addini ba tare da sun bar gonakinsu ba. Shawarata ita ce ka daina kafa hujja da jini. Kowane alƙali ya san cewa wanda ya zo yana cewa kakansa ya nomi wata gona shekaru dubu biyu baya, ba shi da ikon tayar da wanda ya gaje ta daga mahaifinsa, ko da nasabar tasa ta inganta. Haka nan kuma, kore nasabar mutum ba ya halatta a kore shi daga garin da aka haife shi.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Ɗalibaina suna tambayata bambancin Bayahude da Basahayone, na kuwa rasa amsar da za ta gamsar da su.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da wannan tambaya, domin rashin rarrabe kalmomin nan biyu yana jawo zalunci. Yahudanci addini ne da al'umma masu daɗaɗɗen tarihi. Sahayoniyanci kuwa harkar siyasa ce da ta taso a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, ta ɗauki sunanta daga Sihiyona, wani tudu a birnin Ƙudus. Gaskiya ne Yahudawa ba su taɓa daina ambaton Ƙudus a addu'o'insu ba tun bayan da Rumawa suka rushe ɗakin ibadarsu a shekara ta 70 Miladiyya, amma mayar da wannan bege ya zama shirin kafa ƙasa sabon abu ne, kuma uƙubar Turai ce ta haife shi. Bayan kisan Sarkin Rasha Alexander na Biyu a 1881 aka far wa unguwannin Yahudawa da kisa da ƙone-ƙone, sai miliyoyi suka fita, mafi yawa zuwa Amurka, kaɗan zuwa Falasɗinu. Theodor Herzl, ɗan jarida a Biyana, ya yanke hukuncin cewa Turai ba za ta taɓa karɓarsu ba, ya wallafa ƙasidarsa ta neman ƙasar Yahudawa a 1896, ya kira babban taro na farko a birnin Basel na Suwizalan a 1897. Ya gana da Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu a 1901 bai sami abin da yake nema ba. A 1903 Ingila ta yi musu tayin wani yanki a ƙasar da ake kira Kenya a yau, suka ƙi shi a 1905.

Ki gaya wa ɗalibanki cewa a farkon al'amari Yahudawa da yawa sun ƙi wannan tafiya. Manyan malamansu da dama sun ce haramun ne a kafa ƙasa kafin zuwan Almasihun da suke jira, kuma har yau ƙungiyoyi irin su Satmar da Neturei Karta suna kan wannan fatawa. A 1917, lokacin da Arthur Balfour, ministan harkokin wajen Ingila, ya rubuta wasiƙar da ta yi alkawarin kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, ministan da ya fi kowa adawa da ita a majalisar ministocin Ingila shi ne Edwin Montagu, Bayahude ɗaya tilo a cikinsu. Abin da ya juya zukata shi ne kisan Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta yi, kuma wannan kisa gaskiya ne da bai kamata mai mutunci ya musanta ba. Yau mafi yawan Yahudawan duniya suna goyon bayan wanzuwar Isra'ila, ko da yake da dama suna sukar gwamnatocinta, sannan akwai miliyoyin Kiristoci a Amurka da suke Sahayoniyawa alhali ba Yahudawa ba ne.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a zangon Kumasi. Wani abokin hirata ya ce Larabawa ne suka jawo wa kansu, tun da sun ƙi rabon ƙasar Falasɗinu tsakaninsu da Yahudawa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 1947.

Amsa: Baba, abokinka ya faɗi gaskiya cewa sun ƙi, amma ya kamata a duba abin da aka ba su. A ƙidayar da Ingila ta yi a 1922 Yahudawa kusan kashi 11 cikin 100 ne na mutanen Falasɗinu. Zuwa 1947, bayan ƙaurar da aka yi ƙarƙashin mulkin Ingila, sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma filin da suka mallaka bai wuce kashi 7 cikin 100 ba. Ƙuduri mai lamba 181, wanda ƙasashe 33 suka amince da shi, 13 suka ƙi, ranar 29 ga Nuwamba 1947, ya ware wa ƙasar Yahudawa kusan kashi 55 cikin 100, ko da yake babban ɓangare na wannan kaso hamadar Naƙab ce. Ni ban ga al'ummar da za ta sa hannu a kan irin wannan rabo da daɗin rai ba, duk da cewa shugabannin Larabawa sun shiga yaƙin 1948 kansu a rabe, kowa da tasa manufar, kuma talakawa ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

Falasɗinawa fiye da 700,000 suka gudu ko aka kore su, kisan ƙauyen Deir Yasin a watan Afrilu 1948 ya ƙara firgita jama'a, aka kuma share ƙauyuka fiye da 400. Wannan ita ce Nakba, wato masifa da Larabci. A shekarun da suka biyo baya Yahudawa kusan 800,000 su ma suka bar ƙasashen Larabawa, da yawa bisa tilas, wanda shi ma zalunci ne da ya kamata a faɗa, ko da yake manomin Galili, a arewacin Falasɗinu, ba shi ne ya aikata shi ba. A watan Disamba 1948 Majalisar ta zartar da ƙuduri mai lamba 194, wanda ya ce a bar 'yan gudun hijirar da suke son zama lafiya da maƙwabtansu su koma gidajensu, a biya diyya ga waɗanda ba su koma ba. Isra'ila ba ta yarda su koma ba, tana cewa dawowarsu za ta kawar da rinjayen Yahudawa a ƙasar. A 1967 ta mamaye Gaɓar Yamma da Kogin Urdun da Gabashin Ƙudus da Gaza, kuma a watan Yuli 2024 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da ra'ayin cewa ci gaba da wannan mamaya ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Mafi yawan mazauna Gaza, inda yaƙin da ya biyo bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 ya kashe dubun dubatar mutane, 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka rasa gidajensu a 1948.